Bom a foldar Yindiski

Tun da na dawo daga Damagaram 'yan majalisarmu ta bakin teburin mai shayi a unguwar Hausari ta Potiskum suka hana ni sakat. Wannan ya ce in ba shi labarin dogon burodin can, wancan ya ce wai da gaske ne an ɗaure ni a kan iyaka, har akwai wanda ya rantse ya ji an ce jirgi mai saukar ungulu aka turo ya ɗauke ni. Na faɗa na sake faɗa, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa gishirin kafin ya miƙa wa na gaba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya sake tambayata in miƙa masa wannan, in ci gaba da shan shayina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu, sana'ata rubuta ƙananan manhajojin kwamfuta. Babbar mai ba ni aiki ita ce Malama Rifkatu, Kirista ce 'yar Filato da ta zo Potiskum aikin koyarwa tun ina cikin zanin goyo. Da ta yi ritaya ta buɗe firamare a unguwar Yindiski, da ƙananan rassa a Hausari da garin Damagum. Ni ke riƙe mata da sakamakon jarrabawar yara. Kowane reshe da foldarsa, a ciki akwai ta zango, a cikin ta zango akwai ta aji, can ƙasa kuma fayil mai sunayen yara da makinsu. A shekarun nan na tashin hankali ba sai an gaya mini halin da makarantar ke ciki ba, a fayilolin nake gani, duk sabon zango sai sun rame. Tayar mota ta fashe a kasuwa, washegari iyaye sun riƙe 'ya'yansu a gida, kuma ba duka ake mayarwa ba. Malama kan bi gida-gida da kanta tana lallashi, da lemarta da ciwon gwiwarta.

Dole in yi bayanin wani abu a nan, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kwamfuta ba ta cika shiri da su ba. Akwai wata 'yar alama da ido ba ya gani, tana zama a farkon fayil, ita ke gaya wa manhajar lissafin da malamai ke amfani da ita yadda za ta karanta su. In babu ita, yaro mai suna Ɗahiru sai ya fito kamar kaza ta yi tono a kan sunansa. In kuma tana nan, tawa manhajar mai haɗa maki sai ta yi tuntuɓe da ita. Saboda haka na rubuta 'yan umarni uku masu shiga folda su fita folda suna duba fayiloli: ɗaya ya nemo masu alamar, ɗaya ya cire ta, ɗaya ya sa ta. Alamar tana da dogon suna na Turanci, masu abin suka taƙaita shi da haruffa uku, B da O da M. Ba ni na raɗa mata ba. Ni dai da yake da Hausa nake sa wa kayana suna, sai na kira su nemo_bom, cire_bom da sa_bom. Na daɗe ina buga su har idona ya daina ganin kalmar, yadda mahauci ke daina jin ƙarnin jini.

Dalilin tafiyar kuwa, wani abokina ne na Damagaram, Mamman Sani, mai shagon gyaran kwamfuta. An tara masa tsofaffin faya-fayai cike da darussan yaƙi da jahilci na Hausa, sun watse a foldoji ba kai ba gindi, ya ce in zo in taya shi tsince su. Da na je yi wa Malama sallama, ta daɗe tana kallon jakar kwamfutata. Ba yadda zan bar fayilolinta a gida, don sakamakon zangon bai kammala ba, a hanya zan ƙarasa.

“Habu, ɗana,” ta ce, “sunayen 'ya'yan mutane ne a jakar nan. Kada sunan makarantata ya fita a bakin kowa a hanya, ko da alheri ne.”

Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Kafin in fita na ƙarasa sa wa fayilolin Yindiski alamarsu, sannan na ɗiga ɗigo a gaban sunan babbar foldar, wanda ke sa ta ɓuya daga idon mai duba sama-sama. Na rufe kwamfutar ina jin kaina wani gwani.

A tasha kowa jakar kowa yake kallo. Da, kafin mota ta cika an san garin kowa da abin da zai kai shi. Yanzu sallama ma a ciki ake amsa ta. Wata mai jego ta ga jakata ta sauya kujera ba kunya. Wanda ya zauna kusa da ni wani dattijo ne dogo, mai furfura a gemu, ya rungume wata jakar buhu a cinya. Yaron mota ya ce ya kawo a sa a but, ya ƙi. Na ji ya gaya wa direba Azare zai sauka, da Hausar da ke nuna Bakarkare ne. Na saci kallon jakar, ga ta da nauyi, ga bakinta an ɗaure da igiya. Na ce a raina Allah ya kai mu Azaren lafiya ya sauka.

Shingayen bincike ba su ƙirguwa. A kowanne sai mu sauka, mu ɗaga hannuwa, mu taka a ƙasa har mu wuce, mota ta biyo mu. A wani kafin Azare soja ya hango jakata, ya ce in tsaya. Daga can nesa, bayan buhunan yashi, ya ce in ajiye ta, in buɗe, in kunna. Su dai burinsu su ga ta kawo haske, su san kwamfuta ce ta gaske. Na tsuguna na buɗe, baƙin allon da nake buga umarni ya fito da aikin da na bari, sojan ya ɗaga hannu alamar in wuce. Da na ɗago, dattijon nan yana tsaye a kaina, idonsa a kan allon. Na rufe da sauri.

A Azare aka tsaya salla da cin abinci. Na sayi shinkafa da wake, ban ji ɗanɗanonta ba, don ina kallon dattijon ya koma gefen wata bishiya yana waya da yarensu, yana yi yana waigena. Ban jin Karai-Karai, amma kalmomi biyu sun faɗo kunnena sarai: makaranta, da Yindiski. Cokali ya tsaya a hannuna. Na ce shi ke nan, ya ga sunan makarantar, yana kai rahoto ga mutanensa na daji. Na ciro waya zan kira Malama, sai na tuna abin da waya irin wannan ke yi a garinmu. In na ce mata ina zargin wani abu, dole ta sallami yara, kuma daga ranar sai ta sake bin gidaje da lemarta. A kan zargin da ban tabbatar ba? Na mayar da wayar aljihu.

Da mota za ta tashi, sai ga shi ya dawo kujerarsa. Ya gaya wa direba ya fasa, Kano zai je. Daga nan har Wudil kafaɗarmu na gogar juna, ba wanda ya runtsa. Na sayi gyaɗa a Jama'are na miƙa masa don in gwada shi, ya ce ya ƙoshi. Can gaba ya ciro dabino ya miƙo mini, na ce haƙori ke damuna.

Kano ta karɓe ni yadda take karɓar 'yan garinmu a lokacin. Gidan baƙin farko, mai karɓar baƙi yana ta fara'a har ya ga Potiskum a katina, sai ɗakuna suka cika nan take, alhali ga makullai reras a bayansa. Na nuna masa su, ya ce na masu zuwa ne. Na gaya masa maganar da ba zan rubuta a nan ba, na fita. Na biyu suka yarda, bayan na zazzage jakata a bakin titi har da ɗan kamfaina, masu wucewa na kallo. Ɗakin kuwa fankarsa ƙara take yi ba iska, amma ƙofar na da sakata, abin da na fi buƙata ke nan.

Da asuba na je masallacin kusa da tasha. Masu gadin ƙofa suka ce ba a shiga da jaka, ni kuma ba zan ajiye tawa ba, sai na bi jam'i daga waje a kan baranda. Ina sallamewa zuwa hagu, ido huɗu da dattijon, shi ma a barandar, buhunsa a gabansa. Mu biyu kaɗai aka hana shiga. Allah ya karɓi sallar nan, amma ban jin akwai wanda ya san surar da liman ya karanta a cikinmu.

Da na gan shi kuma a motar Daura, haƙurina ya ƙare. Na ce, “Baba, ba Azare ka ce za ka ba?”

“Na fasa. Kai ina za ka?”

“Gaba.”

“Ni ma gaba,” ya ce, ya gyara rungumar buhunsa.

Muka wuce Kazaure, muka wuce Daura. Ƙasar nan shingayenta ba su kai namu ba, har rediyo direba ya kunna. Ni dai ina ta saƙa da warwara. In tona shi a shinge na gaba? To in aka tambaye ni dalili, sai na ambaci makarantar, sai na buɗe foldar, kuma ɗan Potiskum da ya nuna wani ɗan Potiskum, tare ake tafiya da su a bincika. Na yanke shawarar in bari mu tsallaka, in ya so in kai ƙararsa a can inda ba a san mu ba.

A Kwangwalam, ɓangarenmu, aka duba kati aka yi tambayoyin da aka saba. Muka taka zuwa ɓangaren Nijar, inda jandarmomi ke zaune a rumfa. Wanda ya karɓi katina ya ce, “Mushe, zauna can.” Na ji haushi, da raina da lafiyata a kira ni mushe. Sai daga baya na gane girmamawa ce, haka suke cewa malam da Faransanci. Ina zaune ina haɗa kalmomin da zan kai ƙarar dattijon, sai na hango shi ya riga ni. Yana tsaye gaban shugabansu, wanda suke kira Shef, yana magana ƙasa-ƙasa yana nuno ni da haɓa.

Abin da ya biyo baya cikin natsuwa aka yi shi, natsuwar ce ma ta fi ba ni tsoro. Aka janye sauran fasinjoji. Aka ce in cire takalmi, in ɗauki jakata da kaina in kai tsakiyar fili, in buɗe. Na yi. Da suka ga ba waya ba kwalba, Shef ya matso. Matashi ne siriri, Hausarsa rabi Faransanci. Ya ce in kunna ordinatar, wato kwamfutar, in zauna a ƙasa, hannuwana a kan gwiwa. Wani jandarma ya tsaya a bayana da bindiga. Shi ma dattijon ba su ƙyale shi ba, aka kwance buhunsa aka zazzage. Wake ne, da ƙullin kuka da daddawa.

Shef ya shiga akwatin bincike ya buga wani abu. Ba abin da ya fito. Na leƙa, ashe yatsansa ya saba da madannan Faransa, inda M take a gefen L, sai ya buga wata alama daban. Har na fara sauke numfashi, ya lura, ya gyara. B, O, M. Sai ga su sun jeru: nemo_bom, cire_bom, sa_bom. Ya buɗe baƙin allon, ya karanta layin ƙarshe a bayyane, a hankali.

“An sa bom: makarantu, Yindiski, zango na biyu, aji huɗu.”

A bakinsa na fara jin kalmar yadda kowa ke jin ta. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba, har a ranakun da muke kwanciya a ƙasan gado ana harbi. Ya nemi foldar makarantu bai gan ta ba. Ya tambaye ni ina dosiyen, haka suke kiran folda. Dole na ce na ɓoye ta. Ya ce don me mutumin kirki zai ɓoye. Wayon da na yi a gida ya zama shaida a kaina.

Na fara bayani, haruffa masu lanƙwasa, alamar da ba a gani, Turawan da suka taƙaita suna. Ina yi ina jin yadda maganar ke fita, ko ni ba zan yarda da ita ba. Abin da ba a gani, a farkon fayil, a makaranta. Shef ya bar ni na gama, ya juya ga dattijon ya tambaye shi me ya haɗa shi da wannan lamari har ya biyo ni tun daga Yobe.

“Yarinya na yana aji huɗu a wurin,” ya ce.

A nan komai ya juye mini. Na ce ya faɗi sunanta in nuna masa. Ya dube ni ya ce ko za a yanka shi ba zai ba ni sunan 'yarsa ba. Ban ga laifinsa ba. Na roƙi Shef ya bar ni in taɓa kwamfutar, yana kallon duk abin da zan buga. Na fito da foldar daga ɓuya, na bi ta Yindiski, na shiga zango, na shiga aji huɗu. Na buga cire_bom, na buɗe fayil ɗin a manhajar lissafi, na ce Baba ya nemo 'yarsa. Ya tsuguna, ya bi sunayen da yatsa daga sama har ƙasa. Karatun bokonsa na tsinta ne, amma yana yi. Ya ce ba ta ciki, sai wasu sunaye da aka yi wa kaca-kaca.

Na rufe, na buga sa_bom, yatsana na kan maɓallin da zai aika umarnin. Na ji jandarmomin sun ja da baya, na ji ƙarar ƙarfe a bayan kaina. Shef ya ce, murya ƙasa, in wani abu ya tashi a can, ni ma ba zan tashi daga nan ba. Na yi bisimilla na danna. Ba abin da ya faru sai layin nan da ya sake fitowa. Na buɗe fayil ɗin, na juya allon.

Yatsan dattijon ya sauka, ya sauka, ya tsaya. Ruƙayya Ɗanlami. Ƙ a nata, Ɗ a nasa, shi ya sa ɗazu sunan ya lalace gaba da baya. A nan na san sunan mutumin da muka yi doguwar tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Shef ya sa na cire na mayar, na cire na mayar, yana kallon sunan na ɓacewa yana dawowa. Ya kira wani a waya suka yi Faransanci, da alama wancan ya san alamar. Sai ya fashe da dariya, ya kira yaransa su zo su ga bom ɗin 'yan Najeriya. Ya ce, “Mushe, ka sauya wa abin nan suna kafin ya kashe ka.” Ya sa aka kawo mini takalmina da ruwa.

Baba Ɗanlami bai yi dariya ba. Yana tsugune yana kallon layin 'yarsa. Ya tambaye ni lambobin da ke gaba, na ce makinta ne, lissafi ma ba wanda ya kai ta a ajin. Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, “Na kira gida tun a Azare.” Ya gaya wa uwar Ruƙayya kada ta bar ta ta je makaranta, kuma ta sanar da maƙwabta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce me ya hana shi tambayata tun a shingen, ga ni kusa da shi, numfashinmu ɗaya. Ya ce, “Wa ake tambaya yanzu? Kai ka tambaye ni abin da ke buhuna?” Waken na ƙanwarsa ne da ta haihu a Azare. Ya ce da ya tona ni a hanya, motar duka za a kwashe, har da mai jegon nan, shi ya sa ya biyo ni ya ga wanda zan haɗu da shi. Da ya ga zan fice daga ƙasar ne ya rasa dabara. Na taya shi kwashe waken daga ƙasa, muna tsince tsakuwa.

Muka kira Malama. Ta riga ta sani, sai dai ba ta san daga ina abin ya fito ba. Yindiski ta watse tun jiya da rana, har reshen Hausari ya taɓu, kuma labarin ya yi ƙiba a hanya, ana cewa an ga mutane da jakunkuna a bayan katanga. Na ba ta labari daga farko. Sannan ta ce in gama aikin da ya kai ni in dawo. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Baba Ɗanlami ya ɗaure buhunsa, ya ciro dabinon nan ya miƙo mini, wannan karon na karɓa. Daga nan ya juya, ya ce bakin da ya ɓata shi zai je ya gyara.

Na wuce Matamaye na isa Damagaram kafin magariba. Mamman Sani ya sauke ni a ɗakin zaurensa. Ga masu tambayar burodi, da gaske ne, dogo ne kamar sanda, a hammata ake riƙe shi, kuma in ya kwana sai ka jiƙa shi ko ka yi asarar haƙori. Shayinsu a ɗan ƙaramin kofin gilashi, ɗaci kamar magani, zagaye uku, ba ka da ikon tashi kafin na ƙarshe. Kilishinsu kam na sara masa. Abin da ya fi ba ni mamaki babura ne, suna ta yawo a gari da goyo, alhali mu an daɗe da hana su. Duk wanda ya wuce kusa da ni sai na zabura, yara na dariya. Amma kada a ce can ba a zargi. Mamman Sani ya riƙa gabatar da ni a matsayin baƙo daga Kano. Na ce masa ni ɗan Potiskum ne, ya ce ya sani, maƙwabtansa ne ba sa buƙatar sani. Abin ya yi mini ciwo, na kuma haƙura, don gidansa nake kwana.

Aikin kansa ya sha kaina. Madannansu sun mayar da A inda Q take, duk umarnin da na buga sai ya fito wani yare. Su kuma 'y ɗinmu harafi ɗaya suke rubuta shi, ƴ, mai ƙugiya a ka. Faya-fayan kuwa, duk wanda ya taɓa su ya bar tarihinsa: sabuwar folda a cikin sabuwar folda a cikin sabuwar folda, darasi ɗaya da suna na ƙarshe, wani na ƙarshen gaske, wani na ƙarshe kada a taɓa. Na daina yarda da suna. Na rubuta umarnin da ke bin kowace folda har ƙasa yana gwada abin da ke cikin fayil da na ɗan'uwansa, in iri ɗaya ne ya ware. Tarin da ya cika faya-fayai ya dawo ɗan kaɗan. Mamman Sani ya yi ta murna, ni kuwa hankalina na Yindiski. A zauren nan na bi duk inda haruffa ukun suke a kwamfutata na sauya su. Yanzu nemo_alama, cire_alama, sa_alama.

Dawowa ba abin da ya faru, Shef ma ya gane ni, ya tambayi lafiyar bom ɗina. Na yi yaƙe.

Na tarar Baba Ɗanlami ya cika alkawari. Shi da Malama sun bi Yindiski gida-gida, ni ma na shiga cikinsu da kwamfutata, ina cirewa ina sawa a zaure bayan zaure. Wasu su yi dariya har da hawaye, wasu su ce in fita musu da ita daga gida. Yawancin yaran sun koma. Gidan da muka bari a ƙarshe nasa ne, don muna ganin shi ne mai sauƙi. Uwar Ruƙayya ta saurare mu daga bayan labule har muka gama. Ta ce ba ta ce ƙarya muke ba.

“Amma muryar da ya kira ni da ita daga Azare,” ta ce, “tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin ta ba. Ita na yarda da ita.”

Malama ta koma, ta sake komawa, har gwiwar ta hana ta. Baba Ɗanlami ya ce a ba shi lokaci.

Makon jiya malamai suka turo fayilolin sabon zango. Na zuba kowanne a foldarsa, sannan na buga umarnin da ke neman kalma a duk foldojin makarantar, tun daga sama har ƙasa. Na sa Ruƙayya Ɗanlami. Ya samo ta a aji ɗaya, da biyu, da uku, da zango biyu na aji huɗu. Na ce ko wani malami ya rubuta da k marar lanƙwasa, na sake nema haka. Na nema a Hausari, na nema a Damagum. A sabon zango umarnin ya shiga ya fita, bai dawo da komai ba.

Ga mai tambaya ko an ɗaure ni a kan iyaka, ba a ɗaure ni ba. Takalmi kawai aka sa na cire, kuma an mayar mini.